Maganar Ɓarna A Gidajen Aiki, Daga Gonar Kaɗa Har Masaƙa

Wannan magana ce a kan ɓarnar da a ke yi a wuraren aiki, da yadda mai gida zai jawo ma'aikatansa su zama su ne masu tsaron dukiyar, su kuma riƙa gyara aikin kullum, ba gyaran kwana bakwai a watsar ba. An ɗauki misalin kaɗa, watau auduga, domin ita ce ta raya Gusau, kuma da wuya a sami malami ko attajiri a ƙasar Tsafe da Bunguɗu wanda bai san yadda a ke cirarta da yadda a ke aunata ba.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya cikin 1927, ya zarce Ƙauran Namoda cikin 1929. Tun daga sa'an nan garin ya zama matattarar kaɗa da gyaɗa. Kamfanin nan na Turawan Manchester mai suna B.C.G.A., wanda aka kafa cikin 1902, Hausawa kuwa suka sa masa Bisije, shi ya kafa injin gurza a Gusau, kamar yadda ya kafa a Zariya da Funtuwa da Malumfashi, daga baya kuma a Mayanci. Irin da a ke shukawa jikan wani iri ne na Amurka mai suna Allen, wanda aka kawo ƙasar Zariya cikin 1912. A cikin shekarun 1960 aka buɗe masaƙar Zamfara a Gusau, aka kuma sami gidan matsar mai. Ya zamana kaɗar da aka cira a Tsafe ta gabas, ko a Bunguɗu ta hanyar Sakkwato, ta kan shigo gari da anguryarta, ta fita tana yadi, anguryar kuwa ta zama mai da abincin shanu. Hannu nawa ta bi tsakanin gona da bandir? Ba su ƙidayuwa. Kowane hannu kuwa yana iya ƙara mata daraja, yana iya rage mata.

A zamanin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa cikin 1954, ba a sayen kaɗa sai a kasuwannin da aka keɓe mata. Manomi ya kawo, malamin duba ya sa a zazzage a gabansa, ya ba ta lamba ɗaya, ko biyu, ko uku, kowace lamba da kuɗinta. Iri kyauta a ke raba shi. In an gama cira a kan tilasta wa kowa ya tuge karan ya ƙone, don kada tsutsa ta kwana a ciki ta jira baɗi. Ba a ce tsarin nan ba shi da aibi ba, gama kuɗin da Hukuma ta ke biyan manomi ya kan gaza abin da ta ke samu a kasuwar duniya nesa ba kusa ba, manoma kuwa sun sani. Amma abu guda ya tabbata a cikinsa: wanda ya tsaftace kaɗarsa ya kan ga amfanin tsaftar a tafin hannunsa a ranar nan.

Cikin 1986 Gwamnatin Tarayya ta rushe hukumomin ciniki duka, kasuwa ta koma ta kowa. Masu saye suka yi yawa, kowa na tsoron kada ɗan'uwansa ya riga shi, duba ya yi rauni, aka koma sikeli kaɗai ke magana. To, in nauyi kaɗai a ke biya, nauyi za a kawo. Aka shiga yayyafa wa kaɗa ruwa, aka shiga samun yashi da tsakuwa a gindin buhu. Sai kuma wata masifa wadda ba da nufin ha'inci ta shigo ba, ita ce buhun leda irin na taki. Yana da arha, ba ya ruɓewa, kowane gida akwai shi, saboda haka da shi a ke cira, da shi a ke ɗauri. In sili ɗaya ya zare daga jikin buhun ya shiga kaɗa, ido ba ya raba su, fari cikin fari. Zarton injin gurza ya yayyaga shi ya zama kamar gashi, a kaɗa shi tare da zare, a saƙa shi cikin yadi. Ba a ganinsa sai an kai wurin rini, domin leda ba ta shan rini, sai ga farin zane ya ratsa atamfa. A nan yadin ya faɗi daraja bayan an riga an kashe masa wuta da mai da ladan mutum ɗari. Wannan ne ya ɓata sunan kaɗar Nijeriya wurin masu saye na ƙasashen waje, har suka riƙa rage mata kuɗi.

Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Ɓarnar ta bayyana a ƙarshen aiki, a gaban manaja da injiniya, amma ba su ne ke da ikon hana ta ba. Mai ikon hana ta ita ce matar da ke cira a gona, da yaron da ke ɗinke bakin buhu, da leburan da ke zazzagewa a rumfa. Su ne mafi ƙarancin lada cikin jerin duka, su ne kuma ba a taɓa tambaya. Mai cira ba ta san labarin rini ba, ba wanda ya gaya mata. Ko da an gaya mata, jinga aka yi da ita a kan nauyi, in ta tsaya tsince leda da ganye ita ce da hasara. Ba daidai ba ne a zarge ta da abin da tsarin biya ya koya mata.

Haka abin ya ke a cikin gidan gurza kansa. Kaɗa in an gurje ta, abin da ke fita na tsantsar auduga bai wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ba, saura angurya ce da datti, don haka kowane ɗan abin da ya zube yana da tsada. Jiƙaƙƙar kaɗa ta kan shaƙe inji, ta kuma tsinka gashin audugar. Tsakuwa in ta haɗu da zarto ta kan ba da tartsatsi, tartsatsi kuwa a ɗakin auduga kowa ya san ƙarshensa. Mai kula da inji ya kan ji ƙarar ta sāke tun kwana uku kafin bel ya tsinke. Mai shara ya san kusurwar da angurya ke tsiyaya. Mai gadi ya san ƙofar da buhu ke bi da dare. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma a gidan aiki mai dukiya ba a ɗakin ya ke kwana ba, lebura ne ke kwana ciki. Abin tambaya shi ne, me ya sa ya ke gani ya yi shiru?

Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya ce inji na ƙara, shi za a ce ya lalata. Wanda ya nuna hanyar da mutum biyu za su yi aikin mutum uku, ya san gobe za a sallami ɗaya, wataƙila shi, wataƙila ƙanensa. Wanda ya kawo dabara ta yi kyau, sai ya ji heluma ya kai wa mai gida da sunan kansa. In mutum ya ɗanɗana ɗaya daga cikin waɗannan sau guda, ya gama magana har ya bar aikin.

Yadda Masu Saƙa Na Japan Suka Yi

Akwai mutanen da suka ci karo da wannan shirun suka nemi maganinsa, kuma ba baƙi ba ne ga masaƙun Arewa, domin da kamfanonin kaɗi na Japan aka haɗa hannu aka kafa masaƙar Arewa a Kaduna cikin shekarun 1960. Motar Toyota kuwa, wadda ke ɗaukar fasinja tsakanin Gusau da Funtuwa kullum, asalin gidansu gidan saƙa ne, ko da ya ke masu shigarta kaɗan ne suka sani.

Sakichi Toyoda, wanda aka haifa cikin 1867, ɗan kafinta ne, uwarsa kuma tana saƙar hannu. Ya ƙare rayuwarsa yana gyaran injin saƙa. Cikin 1924 ya kammala wani inji wanda ke sāke ƙoshiya da kansa ba tare da ya tsaya ba, in kuwa zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya cak. Kafin irin wannan dabara, inji ya kan yi ta zuba yadi mai aibi har sai wani ya lura. Da aka sami mai tsayawa da kansa, sai ya zama ba a saƙa ɓarna, mutum ɗaya kuma ya iya kula da inji talatin ko fi. Cikin 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi izinin ƙera shi a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro shi ya kafa kamfanin mota cikin 1937.

Wani mai suna Taiichi Ohno, wanda ya fara aiki a gidan kaɗi da saƙa na Toyoda cikin 1932, ya koma wajen mota cikin 1943, shi ya ɗauki hikimar injin nan ya ɗora wa mutane. Aka rataya igiya a bisa layin da a ke haɗa motoci, aka ce kowane ma'aikaci, kome ƙanƙantarsa, in ya ga abin da ba daidai ba ya ja. Da ya ja sai fitila ta kama, shugaban ƙungiyarsa ya sheƙo. In an gyara nan take aiki ya wuce, in ba a gyara ba layin ya tsaya. Wanda ya ja igiya ba a yi masa faɗa, taimako a ke kawo masa. Attajiri ya auna wannan a ransa: a bai wa yaron shago ikon ya tsai da ciniki don ya ga mudu ya lotsa. Abin da wuya, amma lissafinsu shi ne tsayawar minti biyu ta fi arha bisa ga mota ɗari masu aibi guda.

Ohno ya ƙidaya ɓarna iri bakwai, kuma abin mamaki, ba sata a cikinsu. Ya sa yin abin da ya fi buƙata a kan gaba, domin shi ke haifar da sauran. Ya sa jira, da ɗaukar kaya daga nan zuwa can ba dalili, da tara kaya a sito, da kai da kawowar ma'aikaci neman abin aiki, da yi wa abu aikin da mai saye bai nema ba, da kuma aibin da ke sa a sāke aiki. Mai gida a ƙasar Hausa in an ce ɓarna, hankalinsa ya kan tafi ga ɓarawo da mai zubarwa. Amma leburori goma da ke zaune a inuwa tun hantsi suna jiran mai mabuɗin sito, wannan ma dukiya ce ke ƙonewa, ba ta dai hayaƙi.

Ya kuma koya wa mutanensa in abu ya ɓaci a tambayi dalili har sau biyar, kada a tsaya ga amsar fari. A kwatanta da gidan gurza. Inji ya shaƙe, don me? Kaɗar jiƙaƙƙa ce. Don me ta jiƙe? A fili ta kwana, raɓa ta sauka a kanta. Don me ta kwana a fili? Rumfa cike ta ke da dilolin da aka riga aka ɗaure. Don me ba a kwashe su ba? Mota ba ta zo ba. Don me? Akawu ba shi da ikon kiran mota sai mai gida ya sa hannu, mai gida kuwa ya tafi Kano. Da an tsaya ga amsar fari, da mai zuba kaɗa a inji aka ci tara. Sau da yawa tambaya ta biyar a ƙofar mai gida ta ke sauka, shi ya sa ba kowane mai gida ke so a kai ta biyar ba.

Amma fa igiya da tambaya ba su ne tushe ba. Cikin 1950 kamfanin Toyota ya kusa karyewa, aka nemi ma'aikata 1,600 su ajiye aiki, aka yi yajin aiki na wajen wata biyu, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Daga wannan ɗacin ne kamfani da ma'aikata suka fahimci juna, cewa ma'aikaci na dindindin ba za a kore shi don aiki ya yi sauƙi ba. Cikin 1951 aka buɗe tsarin karɓar shawara daga ma'aikata, ana ba da ɗan tukuici ga wadda aka karɓa. Yawancin shawarwarin ƙanana ne, a matso da akwatin noti kusa da hannu, a ɗaga tebur kaɗan don baya ya huta. Japanawa na kiran wannan kaizen, ma'ana gyara kaɗan kaɗan ba fashi. Da yayyafi kogi kan cika.

Wani zai ce wannan halin Japanawa ne, ba a samunsa wani wuri. An gwada. Kamfanin General Motors yana da gidan haɗa motoci a Fremont ta ƙasar Amurka wanda ya yi ƙaurin suna wajen rigima da fashin aiki, har a kan wayi gari mutum ɗaya cikin biyar bai zo ba, aka rufe shi cikin 1982. Cikin 1984 aka sāke buɗe shi da haɗin gwiwar Toyota, aka ɗebo yawancin ma'aikatan daga cikin tsofaffin nan da a ke kuka da su, aka rubuta musu alkawarin ba za a sallame su ba sai in kamfanin kansa na cikin haɗari, kuma kafin a kai ga haka sai an fara rage albashin manya. Ba a daɗe ba motocin gidan suka shiga sahun mafi kyau na General Motors, fashin aiki ya koma biyu ko uku cikin ɗari. Mutanen dai su ne na jiya.

Abin Da Ke Cikin Littattafan Zaure

Almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ko Muhtasar ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman Malikiyya sun raba tsakanin mai sana'a wanda ya karɓi kayan mutane ya tafi da su shagonsa, kamar maɗinki da marini, da ɗan ƙodagon da aka ɗauka aiki. Na farko an ɗora masa lamuni in kaya sun salwanta a hannunsa, don tsare dukiyar jama'a. Na biyu kuwa amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Sun ware mai dakon abinci, saboda hannu na saurin kaiwa gare shi, amma asalin hukuncin shi ne amana. Haka a ƙiradi, in an yi hasara ba da ta'addin mai juya kuɗi ba, a kan mai dukiya ta ke, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi banza.

To, a gwada wannan da al'adar da ta yaɗu a shaguna da gidajen burodi da injinan casar shinkafa, inda kome ya fashe sai a ce a cire a albashin yaro, ba bincike, ba tambaya. Ban da nauyin da ke cikinta wajen shari'a, al'adar nan hasara ce ga mai gida. Yaron da aka cire wa kuɗin kwalba ɗaya ya koyi darasi, amma ba darasin kula ba, darasin ɓoyewa. Gobe in ta fashe sai ya tura ta ƙarƙashin kanta. In buhu ya jiƙe sai ya sa shi a tsakiyar lodi, ya isa ga mai saye a Legas, a dawo da mota guda. Mai gida ya karɓi kuɗin kwalba, ya sayar da idon da ke gane masa.

Wajen tukuici ma akwai abin lura. Sharaɗin ijara shi ne lada ya zama sananne, aiki ya zama sananne. Mai gidan da ya ce wa ma'aikata, “Ku dai rage ɓarna, in an samu riba zan duba ku,” bai ƙulla kome ba, su ma sun san bai ƙulla ba. Fikihu yana da ƙofar ji'ala, watau a ce wanda ya aikata abu kaza yana da kaza, kamar mai nemo ɓataccen raƙumi. A faɗi abin da a ke so, a faɗi adadin, a biya ranar da aka cika, a gaban jama'a, da sunan wanda ya kawo dabarar. Tsofaffin fatake da attajiran goro sun san wannan ta wata fuska. Yaron gida ya kan yi shekaru yana bin ayari, yana tsaron dukiyar mai gida kamar tasa, domin ya ga waɗanda suka gabace shi an yi musu aure, an ba su jari, sun zama masu gidan kansu. Ba wa'azi ne ya tsare dukiyar ba, gaban da yaron ya hango wa kansa ne a cikinta.

Saura maganar ɗorewa, ita ce mai wuya. Gidajen aiki da yawa sun fara irin wannan da zafi. A tara ma'aikata, a yi jawabi, a share wuri, a kafa akwatin shawara a bakin ofis. Wata uku sai ka tarar gizo ya yi saƙa a bakin akwatin. Abin da ke kashe shi, na farko, rashin amsa. Mutum ya kawo magana, mako ya wuce, wata ya wuce, ba a ce an karɓa ba, ba a ce an ƙi ba. Ƙi da dalili ya fi shiru, domin wanda aka gaya wa dalilin ƙi zai sāke kawo wata. Akwatin ma kansa bai dace da ko'ina ba. Lebura da yawa a ƙasar nan ba su rubuta boko, amma sun yi allo, suna iya rubuta ajami sarai, wanda bai iya ko ɗaya ba kuwa yana da baki. Tsayuwar minti goma da safe a gindin inji, heluma ya tambayi abin da ya ba da wahala jiya, akawu ya rubuta, ta fi akwati goma.

Na biyu shi ne heluma. Shi ke tsakanin mai gida da leburori, kuma shi ya fi kowa jin tsoron wannan tsari, don yana ganin in yara suka fara magana za a ce shi bai iya ba. In ba a jawo shi tun farko ba, aka kuma nuna masa cewa yawan shawarar yaransa abin yabo ne gare shi, to zai kashe abin a ɓoye ba tare da ya ce uffan ba. Na uku, in an sami gyara a tabbatar da shi ya zama shi ne hanyar aiki, a koya wa masu aikin dare kamar yadda aka koya wa na rana, a koya wa sabon ɗauka. Aikin kaɗa na kaka ne, leburori su kan watse in an gama gurza, baɗi wasu su zo. Gidan da bai riƙe ko mutum biyar na dindindin masu ɗauke da abin da aka koya ba, kowace shekara daga baƙi zai fara, ba zai taɓa kai wa farfaru ba.

Sai mai gida da kansa. Ana ba da labari Ohno ya kan zāna da'ira da alli a ƙasa, ya sa babban ma'aikaci ya tsaya a ciki sa'o'i yana kallon aiki, har ya ga abin da ke ɓaci da idonsa. Mai dukiyar da ba ya shiga rumfa sai ranar da zai yi faɗa, ma'aikata sun san ƙarar motarsa, kafin ya fito an rufe kome.

Kada a ɗauka wannan magani ne na kowace cuta. Gidan Fremont ɗin nan an rufe shi cikin 2010, bayan General Motors ya karye cikin 2009, ba don ma'aikata sun koma halin da ba. Masaƙun Arewa ma ba leburori ne suka kashe su ba. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da yadin waje mai arha da a ke fasa-ƙwaurinsa ta kan iyaka, su suka taru a kansu. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe cikin 1957, ta tsaya cikin 2002. Babbar masaƙar U.N.T.L. ta rufe ƙofarta a Kaduna cikin 2007, ta Gusau kuwa, wadda ke cikin rukuninta, ita ma ta yi shiru, dubban masu iyali suka koma gida. A shekarun nan kuma rashin tsaro ya hana manoma da yawa a ƙasar Tsafe da Bunguɗu isa gonakinsu na nesa. Ba wata igiya da lebura zai ja ta gyara waɗannan, aikin hukuma ne.

Amma abin da ya rage a hannun mutane ba kaɗan ba ne. Gusau, wadda ta zama babban birnin Jihar Zamfara tun 1996, tana da injinan casar shinkafa, da na matsar gyaɗa da waken soya, da gidajen burodi, da masu buga bulo, da masu ɗura ruwan leda, kowanne da yara biyar, ko ashirin, ko hamsin. Da janareta su ke aiki, man da ya ƙone lokacin da inji ke juyawa ba kome a cikinsa daga aljihun mai gida ya fita, kuma yaron da ke tsaye kusa da makunni shi kaɗai ya san sau nawa hakan ke faruwa a yini. Ribar irin waɗannan gidaje siririya ce, abin da ke zuba a ƙasa ya kan kai ya zama shi ne bambancin wanda zai ga baɗi da wanda zai rufe.

Ga mai sayen kaɗa kuwa, hanyar a buɗe ta ke tun daga gona. A ƙasashen da suka tsare sunan audugarsu, da jakar yadin auduga a ke cira, da ita a ke ɗauri, domin in silinta ya shiga ba ya cutarwa, rini na kama shi. Dillalin da ya ɗinka irin jakunkunan nan da akoko ya raba wa masu cira a Tsafe ko Bunguɗu tun kafin kaɗa ta fashe, ya ɗauki ƙyallen atamfa mai farin zanen leda ya nuna musu da idonsu abin da sili ɗaya ke yi, sa'an nan ya yanka kuɗi biyu a fili, na mai tsabta da na mai datti, ya biya bambancin a hannun wadda ta cira ba a hannun mai gona kaɗai ba, shi ne zai kai wa mai gurza kayan da ba sai an zauna tsinta ba. Jakar kuma a rubuta mata lamba, a karɓe ta in an gama kaka, a wanke a ajiye don baɗi.